Geron da Yaya Bai Taɓa Ba

Ku 'ya'yana, da ku 'ya'yan Yaya Ɗanlami, Allah ya jiƙansa, na san abin da ake faɗa a kaina tun ranar taron Ɗinya. Wasu na cewa tsufa ne ya fara taɓa ni, wasu na cewa dama can ina da wani abu a zuciya game da ɗan'uwana. To ku gyara zama ku ji daga bakin mai ita. Ni dai halina ba ɓoyayye ba ne. Shekarun da na yi ina shugabar makarantar firamare a nan Dutse, yara ba Malama Asabe suke ce mini a bayan idona ba, Malama Wa-ya-faɗa suke cewa, suna zaton ban sani ba. Yaro ya zo ya ce an ce gobe ba makaranta, in ce wa ya faɗa. Malami ya zo ya ce an ce za a yi masa canjin wuri, in ce wa ya faɗa. Ba mugunta ba ce, haka aka halicce ni, in na ji magana sai na ga inda ƙafarta ta taka. Wannan halin ne ya kai ni inda ya kai ni a shekarar da ta biyo bayan rasuwar Yaya. Ban yi da-na-sani ba, ko da yake na ɗanɗana kuɗata.

Saboda jikoki da ba su tarar da komai ba, bari in ɗan koma baya. Mu mutanen Ɗinya ne, wani ɗan ƙauye a ƙasar Kiyawa. Yaya shi ne ɗan farin Inna, ni ce auta. A gida Ɗanlami ake ce masa, amma da aka kai shi makarantar kwana sai aka rubuta shi yadda ake rubuta yaran wancan zamanin, sunan yanka a liƙa masa sunan gari, ya zama Muhammadu Ɗinya. Da wannan sunan ya yi karatu har Ingila, ya dawo ya koyar a jami'a a sashen aikin gona, har ya zama farfesa. Fanninsa wayar da kan manoma ne, shi ya sa an fi sanin muryarsa a kan fuskarsa, don ya daɗe ana gayyatarsa filin manoma a rediyo. Ranar da za a sa shi, Baba yakan fito da rediyon tsakar gida bayan la'asar, maƙwabta su cika mana gida. Inna kuwa, da yake ɗan fari ne, da ta ji muryarsa sai ta tuna tana da aiki a ɗaki. Amma ni na san a bakin ƙofa take tsayawa, bayan asabari.

Bayan rasuwarsa, ƙungiyar ci gaban garinmu ta gina wani ɗakin taro haɗe da rumbun ajiyar iri, aka ce sunan Farfesa za a sa masa. Babban ɗansa Kabiru shi aka ɗora wa rubuta tarihin da za a karanta ranar buɗewa, ni kuma aka ce in karanta da bakina a madadin dangi, tunda ni kaɗai na rage a ɗakinmu. Wata Asabar Kabiru ya zo gidana a Takur da wayarsa a hannu, bakinsa har kunne, ya durƙusa ya gaishe ni, sannan ya hau karanto mini. Farfesa na farko a duk ƙasar Kiyawa. Ya koyar a ƙasashen duniya da dama. An ba shi minista ya ƙi karɓa. Sai kuma babbar, wadda aka ce ita za a rubuta a allon da za a kafa a bango: shi ne ya samar da geron nan mai saurin nuna da manomanmu ke kira Ɗan Ɗinya, wanda ya rufa wa mutane asiri a shekarun da damina take ɗaukewa da wuri.

Na bari ya kai aya, sannan na ce,

“Ma sha Allah. Kabiru, wa ya faɗa?”

“Haba Gwaggo,” in ji shi, yana dariya. “Ai kowa ya sani. Yana nan a intanet.”

“Intanet ɗin ɗan gidan wa ne? Shi wa ya faɗa masa?”

Ya ɗauka wasa nake, ya bar mini rubutun ya tafi. Ni kuwa abin ya riga ya shiga raina. Na sa Zainab 'yata ta buɗe mini shafin da ya kwaso maganar. Ba sunan marubuci, ba inda aka ce daga nan aka samo. Amma kalmomin sun yi mini kama da wata ta'aziyya da aka yi ta turawa a wayoyi lokacin rasuwar, wadda wani tsohon ɗalibin Yaya ya rubuta. Muka nemo lambarsa na kira shi. Mutumin kirki, ya yi ta yi wa Yaya addu'a har ya sa ni ƙwalla. Da na tambaye shi inda ya samo bayanan, sai ya ce ai a wajen zaman makoki ya ji, daga bakin babban ɗan marigayi. Na kira Kabiru, ya ce shi kuma masu zuwa gaisuwa ya ji suna faɗa, ya maimaita. Kun ji fa. Kabiru ya faɗa wa ɗalibi, ɗalibi ya faɗa wa intanet, intanet ya dawo ya faɗa wa Kabiru, shi kuma ya kawo mini a matsayin shaida. Na yi dariya har na riƙe ciki. Maganar tana ta zagaye kamar akuya a turke, kuma ba wanda ya san wanda ya ɗaure ta.

Sai na tafi wajen Yaya Rabi, matar marigayin, wadda gidanta ba shi da nisa da nawa. Tsakanina da ita wasa ne tun ranar da aka kawo ta gidanmu, don ni ƙanwar miji ce, kuma ban taɓa raga mata ba. Na tarar tana tsince shinkafa a faifai. Na zauna na karanto mata maganar minista.

“Ikon Allah,” in ji ta. “Wa ya ba shi, balle ya ƙi? Da an ba Malam minista ya ƙi, ai da ni zan fara kai ƙararsa.”

“To ƙasashen duniya fa?”

“Ingila ya je karatu, Makka ya je aikin Hajji, Nijar yakan je taro ya dawo mana da cuku. In cuku koyarwa ne, to ya koyar.”

Waɗannan ba su dame ni ba. Kowane mamaci ana ɗan ƙara masa tsawo a wajen makoki, na ce a raina zan zare su a hankali ba wanda zai lura. Maganar farfesa na farko ma na ga ba mai iya tabbatar mini, na ajiye ta gefe. Amma da na zo kan gero sai Yaya Rabi ta ajiye faifan, fuskarta ta canza.

“Wannan kam gaskiya ne, Asabe. Kar ki taɓa wannan. Duk inda na shiga aka ce ga matar mai Ɗan Ɗinya, har tsofaffi sa mini albarka suke.”

A nan ne fa gizo yake saƙar, domin akwai abin da ni na sani, ita ma ta sani, sai dai ba ta taɓa haɗa su wuri ɗaya ba. Yaya ba ya shiri da ƙaiƙayin gero. Tun yana yaro, in kaka ta yi aka fara sussuka da shiƙa, Inna gidan kawunmu take tura shi, don in ƙaiƙayi ya taɓa shi jikinsa ruɗu-ruɗu yake yi, idanunsa su kumbura, numfashinsa ya dinga fita da ƙyar. Har ya tsufa, in ya je gona yi wa manoma bayani, daga gefen da iska ke tahowa yake tsayawa, da hankici a hanci. Kuma ni na zauna a gidansa na jami'a lokacin da nake kwalejin horon malamai, a daidai shekarun da aka ce an fitar da irin. Na ga takardu, na ga ɗalibai, na ga 'yan rediyo da na'urarsu. Ban taɓa ganin zangarniya ko ɗaya a gidan nan ba. To mutumin da ba ya iya rungumar damin gero, ta yaya ya yi shekaru a cikinsa yana zaɓen zangarniya, yana haɗa wannan iri da wancan?

Ba zan ɓoye muku ba, daga nan dariyar ta ƙare, tsoro ya shigo. Gero dai akwai shi, na ci tuwonsa, na sha kununsa. Wani ne ya yi aikin. In ba Yaya ba ne, to akwai wani bawan Allah da aka cinye wa gumi, kuma tambayar da ta hana ni sukuni ita ce ko da sanin Yaya aka cinye. Mutumin da ya goya ni a kafaɗa, ya sa aka bar ni na yi karatu lokacin da ba a barin mata, shi ne zan tona in tarar ɓarawon aikin wani ne? Sau da yawa na ce a bar kaza cikin gashinta, in karanta abin da aka ba ni in sauka. Amma in na ɗauki takardar sai bakina ya ƙi.

Akwai wani abokin aikin Yaya, Malam Haruna, shi ma farfesa ne da ya yi ritaya ya dawo Dutse. Na shirya na je. Na tarar da shi a ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gidansa yana fama da tabarau da jarida. Bayan gaisuwa da addu'a na ce,

“Malam, geron nan Ɗan Ɗinya, da gaske Muhammadu Ɗinya ne ya fitar da shi?”

“Ƙwarai kuwa. A gabanmu aka yi.”

Wallahi sai da na ji wani sanyi ya ratsa ni. Har na fara hamdala, sai ya sauke tabarau ya dube ni.

“Amma wane Muhammadu Ɗinyan kike nufi, Malama? Ai biyu gare mu.”

Na ce ya warware mini. Ya ce tun a makarantar kwana su biyu ne daga garinmu, dukansu Muhammadu, duka aka rubuta su da sunan gari. Suka bi hanya ɗaya har jami'a, har sashe ɗaya. Don a rarrabe su, abokan aiki sukan ce Ɗinya Mai Rediyo da Ɗinya Mai Gero. Mai Rediyo shi ne Yaya. Mai Gero kuwa dakta ne, gwanin iri, wanda ciwon ido ya sa ya bar aiki tun kafin ya kai farfesa, ya dawo gida aka daina jin ɗuriyarsa. Ya ce yana jin a unguwar Limawa yake, a nan Dutse, in yana raye. Na daure na yi tambayar da ta kawo ni.

“Malam, don Allah kar ka ji nauyina. Yaya ya taɓa cewa shi ne ya yi?”

Ya murza tabarau da bakin riga.

“Ban taɓa jin ya ce shi ne ba. Amma ni ba mai sauraron rediyo ba ne, ban san abin da yake faɗa wa manoma ba. Na dai san a waje kowa shi yake ba wa.”

Washegari da hantsi na tari adaidaita zuwa Limawa. Na yi ta tambayar gidan Dakta Muhammadu Ɗinya, kowa ya girgiza kai, wani mai shago ma ya yi mini ta'aziyya ya ce ai Farfesa ya rasu bara. Sai da na ce wani dattijo ne mai ciwon ido, mutumin Ɗinya, da can malamin jami'a, sannan wata mai tuyar awara ta ce,

“Au, Malam Tanko kike nema? Ga gidan can mai zaure.”

Tanko. Sai sunan ya buga mini wata tsohuwar ƙofa a kai. Gidan Malam Ilu na bayan masallacin garinmu, waɗanda suka tashi suka koma Dutse ina 'yar mitsitsiya, ai suna da ɗa Tanko, sa'an Yaya. Kun ga yadda abin yake. A Ɗinya an san Ɗanlami an san Tanko, ba mai haɗa su, amma ba wanda ya damu da sunan da makaranta ta ba Tanko, tunda sun bar gari. A waje kuma an san Muhammadu Ɗinya, ba a san biyu ba ne.

Wadda ta amsa sallamata 'yarsa ce, Hadiza, malamar sakandare, za ta yi sa'ar Zainab. Da na faɗi ko ni wace ce sai ta ɗaure fuska tamau. Ta dai shimfiɗa mini tabarma ta kawo ruwa, don tarbiyya ba ta bari a yi wa baƙo wulaƙanci, amma ba ta zauna ba.

“Mama,” ta ce mini, tana kallon ƙasa, “lokacin da aka yi ta yaɗa rubutun nan, na rubuta a ƙasansa cewa geron aikin mahaifina ne. Ba zagin da ban sha ba. Aka ce 'yar hassada ce ni, aka ce ina neman suna da gawar mutum. Har a makarantarmu aka dinga nuna ni. Na goge, na yi shiru. In an aiko ki ne ki ja mini kunne, na riga na ja da kaina.”

Kafin in haɗa wata kalma sai ga dattijon ya fito yana laluben bango, dogo, siriri, idanunsa sun yi fari. Da aka ce masa ƙanwar Ɗanlami ce, sai ya washe baki.

“Auta? Autar Inna mai kukan tsiya? Zauna, zauna. Ke ce kika taɓa yi mini fitsari a riga ranar Sallah.”

Muka gaisa, muka yi wa Yaya addu'a. Ashe ya je gaisuwar rasuwar, Hadiza ta kai shi, ya zauna cikin jama'a yana ji ana ba wa abokinsa geronsa. Na ce me ya hana shi magana. Ya ce a gidan makoki ake gyara wa mamaci tarihi? Ashe kuma duk Sallah Yaya sai ya zo zauren nan sun yini. Ban tsaya kwana-kwana ba, na ce,

“Malam, ni abu ɗaya ya kawo ni, kuma ko mai ɗaci ne a faɗa mini. Yaya ya ci amanarka?”

Dariya ya yi, har da tari. Sannan ya gyara zama, ya kumbura murya, ya kwaikwayi Yaya yadda ko ni ba zan iya ba, har da ɗan gyaran muryar nan da yake yi kafin ya fara:

“Jama'a manoma, ni ɗan aike ne kawai. Wannan iri ba aikina ba ne. Aikin Muhammadu Ɗinya ne, shi za ku yi wa addu'a.”

Ai na san maganar nan. Na ji ta da kunnena, ba sau ɗaya ba, a tsakar gidanmu, rediyo na kan turmin da aka kife. Mai gabatarwa zai ce yau muna tare da Dakta Muhammadu Ɗinya, can kuma sai Yaya ya faɗi wannan maganar, gidan ya kaure da dariyar jin daɗi. Ina iya ganin Liman na lokacin yana girgiza kai yana cewa, ku ji ɗan halak da kawaici, ba zai ce ni na yi ba, sai ya ambaci kansa kamar wani baƙo. Haka muka ji shi, mu duka. A wajenmu mai mutunci ba ya bugun ƙirji, in ya ce ba ni ba ne, mun san shi ne. Yaya yana faɗin gaskiya tsirararta, mu kuma muna yaba masa kunya.

“Na ce masa,” in ji Malam Tanko, “Ɗanlami, ka ce takwarana mana, mutane su gane. Ya ce a'a, takwara ba suna ba ne, mutum ya yi aiki a faɗi sunansa cikakke yadda yake a takardarsa. Taurin kai gare shi, kin san shi. Yana ganin girmama ni yake. Da ya lura abin ya juye, ya yi ta bayani a wajen taro, sai a tafa masa a ce Farfesa akwai tawali'u. Rannan a nan inda kike zaune ya ce mini, Tanko, na rasa yaren da zan faɗa musu.”

Na yi kuka a zauren nan, ba na jin kunyar faɗa. Rabi na farin ciki ne, don ɗan'uwana ya fita fes. Rabi kuma na Hadiza ne, wadda take tsaye a bakin ƙofa tana share ido da gefen mayafi, ita da aka ce wa maƙaryaciya a kan gaskiyar ubanta.

Na ɗauka Kabiru zai yi murna. Ina! Da na zayyana masa komai, sai ya miƙe tsaye a ɗakina, abin da bai taɓa yi ba.

“Gwaggo, an riga an buga allo. An gayyaci manyan mutane. Kina so a ce mun shekara muna yi wa duniya ƙarya? Shi dattijon ya kawo ƙara ne? Ki karanta yadda aka rubuta, daga baya a gyara a hankali.”

“Daga baya yaushe? Mutumin nan ƙafarsa ɗaya tana kabari. Ubanka ya mutu yana neman wanda zai ji shi, kai kuma kana so in tashi a gaban garinsu in ƙara toshe masa baki?”

“To ni ba da yawuna ba.”

Ya sa takalmi ya fita ba sallama. Yaya Rabi kuwa, da na je mata, ba ta yi mini faɗa ba. Ta kau da kai tana kallon bango, ta ce ita ta san yana zuwa Limawa wajen mai sunansa, amma ba ta taɓa tambaya ba. Na jira wasan da ta saba yi mini in zan tafi, bai zo ba. Rashin wasan nan ya fi faɗan Kabiru yi mini ciwo.

Ranar taro na ɗauki shatar mota na biya Limawa. Malam Tanko ya so ya ƙi, Hadiza ce ta fito masa da babbar riga ta ce yau kam sai ya je. Muka isa Ɗinya an kafa rumfuna, an cika maƙil. Na zaunar da su a gefe cikin jama'a, ba wanda ya kula. Da aka kira ni na karɓi abin magana. Na faɗi abin da na tabbatar game da Yaya, karatunsa da koyarwarsa da shekarun da ya yi yana shiga gidajen manoma ta rediyo, kuma wallahi wannan kaɗai ya isa a sa wa gini sunan mutum. Ban ambaci minista ba, ban ambaci ƙasashen duniya ba. Sannan na ce zan rufe da maganar da marigayi ya fi yawan faɗa.

“Wannan iri ba aikina ba ne. Aikin Muhammadu Ɗinya ne, shi za ku yi wa addu'a.”

Wuri ya ɗauki tafi da kabbara. Tsofaffi suna gyaɗa kai, sun tuna. Na ga Kabiru ya saki ajiyar zuciya, yana zaton na sauko. Na bari tafin ya lafa, sannan na ɗaga hannu na nuna gefen rumfa.

“Ga shi can zaune.”

Hadiza ta kama hannun mahaifinta ta miƙar da shi. Wurin ya yi tsit, har kukan awaki a bayan gari ana ji. Can sai wani tsoho sa'ansu ya dogara sanda ya matso, ya leƙa fuskarsa, ya ɗaga murya,

“La'ilaha illallahu! Ai Tanko ne! Tanko na gidan Malam Ilu!”

Abin da ya biyo baya ba zan iya tsara muku shi ba, don hayaniya ce. Na yi bayani a taƙaice, Malam Haruna da ya zo cikin baƙi ya tashi ya gaskata ni. Manoma suka yi layi suna kama hannun makahon nan da hannu biyu. Kabiru ya bar wurin kafin a yi addu'ar tashi. Ginin yana nan da sunan Farfesa, kuma ya cancanta, layin gero ne kawai aka kankare daga allon, har yau in kun je za ku ga tabon. Kabiru bai zo mini gaisuwar Sallah ba a shekarar, ya aiko yara. Yanzu yana zuwa, yana durƙusawa, amma hirar da muke yi da can ba ta dawo ba, kuma ina kewarta. Kabiru, in ka karanta wannan, ban rage wa ubanka komai ba. Saƙonsa na isar.

Shafin nan na intanet kuwa, Zainab ta ce har yanzu yana nan yadda yake, da ministansa da komai. Shi ya sa na rubuta muku wannan da hannuna. In wani ya ce muku wa ya faɗa, ku ce Gwaggo Asabe ce, ita kuma ta ji daga bakin Malam Haruna da bakin mai geron kansa.

Da aka watse ana rabon abinci, ina tsaye ni kaɗai a bayan rumfar mata, ba mai ce mini sannu, sai na ji an dafa kafaɗata. Yaya Rabi ce, da kwanon fura a hannu, wadda ta dama da kanta ta zo da ita don manyan baƙi. Ba ta dube ni ba. Ta miƙo mini ta ce,

“Ungo, sarkin tsiya. Kai wa mai sunan Malam.”

Na kai masa. Ya sha, ya tsaya yana juya ta a baki, ya ce wannan Ɗan Ɗinya ne, ko a mafarki ya san ɗanɗanonsa. Na ce masa, Malam, ni fa ban ƙara komai a kan maganar Yaya ba, ita na maimaita kalma da kalma. Ya goge gemunsa, ya juyo da fararen idanunsa wajen da muryata take.

“Kin ƙara, Auta,” in ji shi. “Kin nuna. Shi Ɗanlami a rediyo yake, rediyo kuwa ba ta da yatsa.”